Takardun da Aka Binne a Malikanchi

Saminu ya sake danna linzamin kwamfutar karo na huɗu, ko za ta canza magana. Ba ta canza ba. Jakar da ya raɗa wa suna "Takardun Malikanchi" ta buɗe, hotuna goma sha tara suka jeru, daga nan sai fari fat.

"Ina sauran?" in ji Hajiya Ramla, shugabar ɗakin karatun, tana tsaye a kansa da tabarau a karan hanci. "Ba shafi ɗari da arba'in ka ce mini ba?"

"Suna nan, Hajiya. Ƙila sabis ne."

Ba sabis ba ne, shi ma ya sani. Shekara ashirin da biyu yana aiki a wannan ɗan ɗakin karatu na Ikara da biro da kati, littafi ko ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai a bana aka tura shi kwas na kwana uku a Zariya, aka koya musu yadda ake ɗaukar hoton takarda a ajiye ta a intanet. Ya dawo da zumuɗin sabon shiga. Har mai shayin bakin tasha sai da ya sha bayani, bai tambaya ba.

A cikin wannan zumuɗin ya hau babur mako uku da suka wuce ya je wurin Malam Tukur, dattijon malami a Malikanchi. Mahaifin Malam Tukur ya bar sharhi na wani littafin fiƙihu da ya rubuta da hannunsa, Larabci a tsakiya, ajami a gefe. Gara ta ci, ruwan ɗaki ya taɓa, in ka ɗaga shafi sai gutsuttsari su zubo. Saminu ya wuni yana ɗaukar hoto da wayarsa. Da Malam ya ce abin da ke damunsa shi ne ayoyi na zubewa ƙasa inda kaji ke tono, kuma da yana da kwafi da ya binne takardun kamar yadda ake yi wa tsofaffin rubuce-rubuce masu sunan Allah, Saminu ne ya bugi ƙirji.

"Binne su, Allah gafarta Malam. Inda na sa su yanzu, ko gobara ba ta isa ba."

Hajiya Ramla ta karɓi wayar, ta yi 'yan latse-latsenta, ta nuna masa.

"Ka ga wannan alamar kore? Wanda ya hau ne kaɗai ke da ita. Datarka ta ƙare a na goma sha tara, sauran suka tsaya jira. Ai ba komai, suna cikin wayar. Sai mu tura yanzu."

Saminu ya kau da kai ya dubi kwamfutar.

"Malam Saminu. Suna cikin wayar ko?"

"Ta ce mini ta cika, Hajiya. Ranar sunan ɗan ƙanena, ina son in ɗauki bidiyo."

"Kwandon sharar wayar fa?"

Ya sunkuyar da kai. A kwas an ce musu mai tsafta ba ya barin kwandon shara a cike, shi kuwa ɗalibi ne mai jin magana. Hajiya ta gwada duk dabarar da ta sani, ta kira malamin da ya koyar da su ta sa a sifika, shi ma ya yi ta wasu tambayoyi ya ƙare da "sai haƙuri". Ta ajiye wayar a hankali a kan tebur. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ƙila bai binne ba tukuna," ta ce. "Tashi ka je."

Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo a gefen hanya. Saminu yana tuƙi yana lissafin ruwan da aka yi tun ranar: na Talata, na Juma'a mai iska, na shekaranjiya da ya kai azahar. Yana kauce wa kududdufi yana tsara maganar da zai faɗa, ko wacce ya tsara sai ya ji ta yi kama da ƙarya. Kunya ce ta cika shi, da haushin bakinsa.

Ya tarar da Malam Tukur a zaure a kan buzu, shi kaɗai. Ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da damina da gajiyar rannan, aka sake komawa kan iyali. Malam ya sa aka kawo fura a kwanon sha mai murfi.

"Jiya ma na yi zancenka a masallaci," in ji dattijon. "Na ce musu yaran yanzu ba duka suka lalace ba. Ranar Lahadin da ka tafi muka naɗe su a farin ƙyalle, muka haƙa musu wuri mai tsarki a bayan masallaci. Wallahi ranar na yi barci mai daɗi. Nuna mini hannun Baba in gani."

Saminu ya ajiye kwanon furar. Ya buɗe shafin farko, ya ƙara masa girma da yatsu biyu. Malam ya kawo wayar dab da fuskarsa, don idanun sun yi rauni, ya yi murmushi.

"Ka ga yadda yake jan wutsiyar harafin nunun nan? Ko cikin dubu zan gane shi."

A nan Shaiɗan ya matso ya zauna kusa da Saminu. Mutumin nan ba zai iya ƙirga shafuka a waya ba. Ya ga biyu, uku, ya sa albarka, shi ke nan. Wa zai sani? Ya shanye furarsa ya hau babur, ya ci gaba da zama mutumin kirki a masallacin Malikanchi. Har ya karɓi wayar ya fara mayar da ita aljihu.

"Allah gafarta Malam," ya ji bakinsa ya ce, "goma sha tara ne kawai."

"Me?"

"Shafukan. Sauran ba su hau ba, ni kuma na goge su da hannuna. Ban duba ba na ce maka ka binne. Ba laifin na'ura ba ne, nawa ne."

Malam Tukur ya sunkuyar da kai. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Can cikin gida wata na daka, sai da ta gama ta huta ta sake farawa bai ɗago ba.

"In ka yarda a ba ni fartanya," in ji Saminu. "Ƙila na tsakiya ba su jiƙe ba."

"Tawadar gida ce, ɗana. Ruwa nawa aka yi?" Ya girgiza kai. "Ba za ka samu komai ba sai baƙin ƙyalle. Bar su inda suke."

"Ka yafe mini."

Dattijon ya ajiye carbin. Ya shafa gemu, ya dubi ƙofar zaure.

"A gaban Baba na karance littafin nan, ina da shekara goma sha biyar. Ban sake buɗe shi ba tun da ya rasu, ina cewa ai yana nan." Ya gyara zama. "A ina na goma sha taran ya tsaya? Karanto."

Saminu ya karanto layin ƙarshe na ajamin da ƙyar. Maganar ta yanke a tsakiya, a kan hukuncin ruwan rijiyar da wani abu ya faɗa ciki. Malam ya rufe ido ya ɗora daga inda ta yanke, da wata murya mai waƙa-waƙa wadda ba tasa ba. Layi ɗaya, biyu, biyar. Saminu ya yi sauri ya danna wurin naɗar murya, ya riƙe wayar da hannu biyu.

A layi na bakwai dattijon ya tsaya. Leɓɓansa suka ci gaba da motsi, babu abin da ke fitowa. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake cijewa a wuri ɗaya. Hawaye ya gangaro ya shige cikin farin gemun, bai share ba.

"Akwai wata magana da yake faɗa a nan," ya ce. "Sake karanto mini daga farko."

Saminu ya goge ido da hannun riga, ya sake karantowa.