A Rage Gudu

"Ƙara mata ƙarfi, 'yata. Wannan muryar kamar da tsumma a bakinta take magana."

Mai gyaran ta ƙara. A cibiyar makafi, aikinta ke nan: saita muryar da ke karanta musu abin da ke kan kwamfuta. Dattijon da ke gefenta magatakarda ne a wani ofis, shekara ashirin yana aiki da kunne. Abokansa Jirgi suke ce masa, don a gudun da yake sauraro ba mai tsintar ko kalma ɗaya sai shi.

"Har yanzu cinye ƙarshen kalmomi take yi. Canza min ta namiji."

Ta canza. Ta mayar da muryar mai kauri, ta ƙara tazara tsakanin jimloli. Zuwansa na huɗu ke nan a wata biyu. Farko ya ce lasifika ce, aka sa sabuwa. Sannan ya ce sabuwar manhajar ce ta lalata komai. Kowane zuwa sai ta rage gudu kaɗan ba ta faɗa masa ba. Daga casa'in a ma'aunin gudun muryar, yau suna hamsin da biyar.

Daga baranda wani abokinsa ya ɗaga murya: "Jirgi! Yau ma injin ne bai da lafiya?" Aka yi dariya. Dattijon bai juya ba.

Ta tashi kamar za ta ɗauko waya, ta tsaya ta hagunsa.

"Baba, in kawo maka ruwa?"

Yatsunsa na kan madannai, yana jiran amsar injin. Ta maimaita. Bai ji ta ba.

Ta dawo damansa ta zauna. Ta daɗe tana gyara wayar da ba abin da ya same ta.

"Jiya na aika wasiƙa da lambar da ba daidai ba," ya ce a hankali. "Shugabanmu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ko ina son hutu." Ya shafa gefen kwamfutar. "Injin nan lafiyarsa lau, ko?"

Ta gyaɗa kai, sannan ta tuna ba ya gani.

"Lafiyarsa lau, Baba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zuwa na biyu. Akwai likitan kunne da ke zuwa ran Laraba. Zan raka ka."

"Da ido ya tafi ina yaro, ban yi kuka ba. Na ce ai an bar min kunne." Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Nawa kika sa ni yanzu?"

"Hamsin da biyar."

Ya jinjina lambar a bakinsa.

"Kai shi arba'in. Akwai wasiƙu uku da ke jirana." Ya laluba teburin. "Amma tura ƙofar nan tukuna, kar na baranda su ji."