Harsashin da Ke Jiran Wuƙa

Dzarma ya shimfiɗa bindigoginsa biyu a kan tabarma a gidansa na unguwar Jiddari Polo, ya zauna yana ƙare musu kallo. Duka biyun masu sakata ne: ka ja ƙarfen baya, ka tura gaba, harsashi ɗaya ya hau. Babbar tana cin harsashi mai lamba 375, wanda in ya sami gwanki a kafaɗa, ko shurawa ba ya yi. Ƙaramar 308 ce, ƙotarta ta goge saboda riƙo.

Ran Asabar za shi farauta wajen Biu, takardar izini na aljihunsa. Rabonsa da daji tun kafin a binne abokinsa Madu.

Shekara talatin suka yi suna farauta tare, kuma shekara talatin maharba na yi wa Dzarma tsiya. Wane irin mutum ne zai bar babbar bindiga a rataye ya tunkari gwanki da ƙarama? Masu baki dai ba sa tambayar dalili. Dzarma Kirista ne, Madu kuwa Musulmi ne, ba ya cin naman da ba a yanka ba. Shi ya sa Dzarma ya koyi harbin da zai kayar da dabba da sauran numfashinta, Madu ya ruga da wuƙa, yana haki yana bisimilla. Dabbar tana shan wuya, wannan kam ya sani, yana kuma damunsa. Amma a kwano ɗaya suke ci.

Ya ɗauki harsashin ƙaramar guda ɗaya ya jefa a aljihu, ya tari Keke Napep zuwa Shehuri, inda Taufiq, babban ɗan Madu, yake da shagon magani.

"Wushe, Baba Dzarma! Kai ne da kanka?" Taufiq ya taso ya ba shi kujera.

Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a, kowa da irin tasa. Dzarma ba gwanin roƙo ba ne. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga zafin gari zuwa tsadar gero, sannan ya ciro harsashin ya ajiye a kan kanta.

"Ran Asabar za ni Biu. Da wannan nake so in je. Sai dai yana buƙatar mai wuƙa."

Taufiq ya dubi harsashin, ya dubi tsohon. "Baba, wallahi ko kazar gidana mahauci nake kai wa. Ban taɓa yanka ba." Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya samo mafita. "Ai ka huta ma. Ka ɗauki babbar kawai, ka harbe abinka ka ci. Yanzu wa za ka jira?"

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Dzarma ya ce haka ne, ya mai da harsashin aljihu. Taufiq ya ba shi maganin ciwon gwiwa, ya raka shi har bakin titi.

A gida ya tarar da bindigogin yadda ya bar su, kaji na zagaya tabarmar. Kewar Madu ta taso masa, babu kuma wanda zai gaya wa. Ya shafa wa ƙaramar mai, ya naɗe ta a tsohon bargo, ya tura ƙarƙashin gado. Ya ja sakatar babbar, ta yi tauri don rashin aiki, sai da ya sa ƙarfi. Ya jera harsasanta biyar a ɗamara.

Da zai haɗa kayan tafiya, ya tsaya gaban kwanukan kicin ya daɗe. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙaramin, na mutum ɗaya.