Teku Cikin Minti Bakwai

"Baba, kar ka taɓa wannan!" in ji Mai Hoto, amma ta makara. Baba Direba ya riga ya dangwala yatsa, sai ga matarsa a fuskar wayar ta juye ƙafa sama kai ƙasa, teku ya koma mata rufi.

Matar tasa, wadda yake kira Gimbiya tun suna amarci, ta leƙo ta kafaɗarsa ta tuntsire da dariya. "Shekara talatin da huɗu muna tare, yau ka tsayar da ni da ka."

Su uku ne a ɗan shagon, tsakanin injin wanke hoto da shuɗin labulen ɗaukar fasfo. Fanka na juyawa tana kaɗa takardun kan tebur.

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar motar fasinja, bai ga komai a duniya ba sai kwalta da bayan tirela. Da ya ajiye aiki, 'ya'yansa suka haɗa musu tafiya bakin teku, shi da Gimbiya da yayarsa wadda ta raine shi. Saura kwana uku a tashi Yaya ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya tsage. Ya ce an fasa, ta ce bai isa ba. "Ku je ku ɗauko mini shi a waya, Auta."

Ya kuwa ɗauko bidiyo, guntu-guntu har sittin da biyu. Jiya ya kai mata asibiti, kafin ta gyara tabarau guntu ɗaya ya ƙare. A na biyar ta ture wayar. "Wannan ba tafiya ba ce, atishawa ce." Gobe da safe za a yi mata aiki, kuma kwana biyu ke nan ta ƙi cin abinci don fargaba. Shi ya sa ya zo neman manhajar da za ta haɗe guntayen su zama abu ɗaya kafin ƙarfe huɗu, lokacin ziyara.

Sun fara gwada ta kyauta. Tana aiki, sai dai kowane minti biyu ta tsaya ta yi tallan man gashi, ga wani ƙaton tambari da take mannawa daidai kan hancin Gimbiya. Wadda ta juyar da teku kuwa ita Mai Hoto ke aikin shago da ita, biya duk wata, maɓallai jere a kan jere.

"'Yata, wannan ai gaban jirgin sama ne," in ji shi. "Ni direban ƙasa ne. Babu mai giya huɗu?"

Mai Hoto ta yi murmushi, ta karɓi wayar ta sauke ta uku. "To ga ta. Ɗauko, yanke, jera, ajiye. Sau ɗaya ake biya, bai wuce kuɗin mai lita biyu ba."

Ya gyara zama kamar mai duba motar hannu. "Tana tafiya ba data?"

"Tana yi."

"Shan caji fa?"

"Da sauƙi."

"Za ta rubuta sunanta a fuskar matata?"

"Ko kusa."

"In na yi kuskure, akwai ribas?"

Ta nuna masa 'yar kibiya mai lanƙwasa. Ya danna, ya sake dannawa, ya ga abin da ya goge ya dawo. "Shi ke nan," ya ce. "Motar da ke da ribas ba ta ba ni tsoro."

Wani mutum ya shigo ɗaukar fasfo, Mai Hoto ta bar su. Suka haɗa kai a kan wayar. Guntu goma sha ɗaya a cikin aljihunsa wayar ta ɗauke su, duhu da ƙarar makullai kawai, suka watsar. Ya koyi jan gefen guntu da yatsa har ya rage daidai inda yake so. Da suka zo inda igiyar ruwa ta kwashe ƙafafun Gimbiya ta zauna daɓas, ta kama hannunsa.

"Yanke wannan."

"Haba, nan ne daɗin tafiyar."

"To a bar wanda ƙaguwa ta kore ka, kana gudu kana riƙe da wando."

"Ba gudu na yi ba, hanya na ba ta."

Aka bar duka biyun.

Mai Hoto ta dawo ta nuna masa inda ake sa kiɗa, ta ce zai rufe hucin iska. Ya saurara kaɗan, ya girgiza kai. "Cire. Idon Yaya ya yi rauni, amma kunnenta har gulmar maƙwabta yana ji. A bar mata ruwan ya yi magana."

Uku da rabi ya danna ajiye. Wani ɗan layi ya fara cika a hankali, su uku suka zuba masa ido. Ya tsaya a kusa da ƙarshe, Gimbiya ta fara salati, sannan ya ƙarasa. Minti bakwai cif. Mai Hoto ta tafa, ta ƙi karɓar komai, ta ce a gaishe da mai jiki.

Sun sami Yaya ta juya fuska bango, kwanon abincinta a rufe. Baba Direba ya jingina wayar da filas a kan ƙaramin teburin gado. "Yaya, ba sai kin taɓa komai ba. Ni zan ja, ke fasinja ce."

Ta juyo da ƙyar. Hanya ta fara wucewa ta tagar mota, bishiyoyi, gada, sai muryar Gimbiya tana cewa, "Ga shi can! Ga shi can!" Sai ruwa ya cika fuskar wayar, ba iyaka, yana tahowa yana komawa. Yaya ta buɗe baki ba ta rufe ba.

"Duk wannan ruwa ne, Auta?"

"Wannan bakinsa ne kawai."

Matar gadon kusa ta miƙo wuya, mai jinyarta ta jawo kujera. Da ƙaguwa ta fito, ɗakin ya kaure da dariya, Yaya na dafe da ƙugu tana cewa, "Wayyo, za ku ƙarasa ni! Dubi ƙafafu kamar na zalɓe!" Ta share hawaye da gefen mayafi. "Sake kunnawa."

A kallo na biyu Gimbiya ta buɗe kwanon ta miƙa mata cokali. Yaya ta karɓa, idonta na kan teku. A na uku ta lumshe ido, tana saurare kawai.

"Gobe in za su tura ni ciki," ta ce a hankali, "ka riƙe mini wannan ƙarar a kunne har bakin ƙofa."

"Har bakin ƙofa, Yaya."

Ƙarfe biyar nas ta shigo tana tafa hannu. "Masu ziyara, lokaci ya yi." Ta tsaya a bayansu, ta kalli ƙarshen bidiyon, rana na faɗawa cikin ruwa. Ta dubi ƙofa, ta dubi agogo, sannan ta zaro wayarta daga aljihun farar rigarta.

"Baba, wane kamfani ya yi maka wannan? Ina da na tafiyarmu da yara tun bara, sun fi ɗari, na rasa yadda zan yi da su."

Baba Direba ya kalli Gimbiya. Ta kawar da kai tana danne dariya. Ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya matsa gefe a kan benci.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Abin ba wuya. Da farko, nawa ne a ciki na aljihu?"