Sunan da Ke Bayan Ginshiƙi

Penbui ya shekara goma sha ɗaya yana sassaƙa dutse a haikalin Sobek, ubangijin kadoji, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa sannu da aiki ba. Sannun duk ta Harmose ce, mai zane. Tare suka tashi, unguwa ɗaya, sai dai uban Harmose ya kai shi makarantar marubuta, shi kuwa Penbui aka miƙa masa guduma. Harmose ya zo da 'yar jar tawadarsa ya ja layi a bango ya koma inuwa, Penbui ya yi wata uku yana bin layin har tafinsa ya yi kanta. In limamai sun zo dubawa, kafaɗar Harmose suke dafawa. Abin yana cin Penbui ƙwarai.

Bangon da suka gama bana shi ne na ɗakin ciki, mai labarin kafuwar haikalin: yadda kada ta fito daga kogi ta saka ƙwai a tudu, magabata suka aza dutsen farko a wurin, don kada ba ta yin ƙwai inda ambaliya za ta kai. Kowane ɓawo na bayan kadar nan hannun Penbui ne ya fitar da shi. Yau da yamma za a tsarkake ɗakin, daga nan ba ma'aikacin da zai sake taka shi.

Da rana tsaka, ma'aikata na waje suna cin gurasa da albasa, Penbui ya koma ɗakin ɗaukar gudumarsa. Nan ya ga wani sabon rubutu ƙarami can ƙasa, bayan ginshiƙi. Bai iya karatu ba, amma ya san hannun Harmose, ya kuma san suna ne, don ga hoton ɗan mutum zaune a ƙarshensa, alamar da ake rufe kowane suna da ita. Wato yabon duniya bai ishe shi ba. Kowa ya sani, wanda sunansa ke jikin dutse a gaban Sobek ba ya ɓacewa a lahira. Harmose zai rayu har abada a kan gumin wani!

Kishi ya turnuƙe shi. Ya durƙusa ya kankare rubutun tas, da gwanintar da ba a taɓa yaba masa ba, ya shafe wurin sumul. Ya fito ya ci gurasarsa, har da ƙari.

Da la'asar Harmose ya kamo hannunsa yana dariya, wai sarkin ɓacin rai ya zo ya ga wani abu kafin a rufe ƙofa. A hanya yake ba shi labarin yadda ya sha wahalar sassaƙa shi da kansa, har ya fasa babban yatsa, da yadda ya yi ta roƙon babban limami wata biyu kafin ya yarda, suna ɗaya tak.

Suka zagaya bayan ginshiƙin. Harmose ya duba, ya sake dubawa, ya shafa dutsen.

"Wane mugun ne ya yi maka haka, ɗan'uwa?" ya ce. "Sunanka ne fa na rubuta a nan."

Penbui ya durƙusa ya shafa wurin da ya kankare. Daga waje mai gadi ya ɗaga murya, ya ce ma'aikata su fito, limamai sun iso da turare.