Tsamiyar da Ilu Bai Sayar Ba

A shekarar yunwar Kakalaba ne Muntaka ya ɗaura ƙunshinsa ya bi ayarin masu zuwa kudu neman abinci. Ubansa, Ilu, ya raka shi har gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonarsu a bakin Maigatari.

"Baba, in Allah ya yarda nan zan same ka," in ji Muntaka. "Gida ko ya rushe, wannan dai tana nan."

Gidan kuwa ya rushe. Maƙwabta suka watse, waɗanda suka rayu ba su dawo ba. Matar Ilu ta rasu, shi kuma ya koma wurin 'yarsa Hasanatu, wadda ke aure a wani ƙauye yamma da gari. Daga can yake takowa gonar, yana kartar abin da ya iya, sauran ya bar wa ƙaya. Ba noman ne ke kawo shi ba, kowa ya sani. Sai ya jingine fartanya, ya zauna a inuwa yana kallon hanyar kudu har wuyansa ya ƙage.

Ana nan kasuwa ta sake cika, gyaɗa ta yi daraja, fatake suka riƙa sauka ba su da wurin kwana. Wani falke mai suna Sajo, mutum ne da yake jin ƙanshin riba tun daga nesa, ya ga gonar Ilu tana kallon kasuwa. Ya ce in ya samu zai gina gidansa a baya, ya jera ɗakunan baƙi a gaba.

Sajo ya nemi sayen gonar, Ilu ya ƙi, aka bi shi da goro ya ƙi. Sai Bulama, mai garin, ya kira shi.

"Malam Ilu, ka san al'ada. Gonar da ta zama saura, hannuna take dawowa in ba mai ƙarfin noma. Gara ka karɓi abin Sajo tun kana da ta cewa."

Ilu ya daɗe yana zane ƙasa da sanda. Da ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa na sayar. Tsamiya ban sayar ba."

Ba wanda ya yi mamaki, don a wajenmu ƙasa daban take, itace daban. Sajo ya ce ya ji ya yarda, aka shafa fatiha, ya ba da saniya da damman gero. Ilu ya koma gida yana jin ya yi dabara. Bawan Allah ya tuna da itace, ya manta da hanyar zuwa gindinsa.

Magina suka kwaɓa ƙasa, katanga ta tashi ta wuce tsayin mutum. Da aka gama, tsamiya ta faɗa cikin gida, sashen matan Sajo, inda ko ƙanin maigida sai ya tsaya a zaure. Sajo bai ci amana ba, a gaya gaskiya. Duk kaka ana kaɗe tsamiyar a aika wa Ilu cikin kwando, ko ɗaya ba a taɓawa. To amma me zai yi da kwandon tsamiya? Hasanatu ta yi kunu da ita har ya gundure su.

Abin da ya rage masa shi ne wani reshe da ya leƙo ta kan katanga. Ƙafa ta yi nauyi, ba ya iya zuwa kullum, sai ran Alhamis, ranar kasuwa, in mijin Hasanatu zai ɗora shi a jaki. Ya shimfiɗa buzunsa a 'yar inuwar reshen, yana duba fuskar duk wanda ya fito daga kudu. Kewar ɗan nan ta cinye shi. Wani lokacin sai ya ga tafiyar wani ta yi kama, ya yunƙura, sai mutumin ya matso ya zama wani.

Wata Alhamis wani baƙon Sajo, mai raƙuma daga Damagaram, ya tsuguna kusa da shi yana gyaran akala. Hamma sunansa, mai son hira ne, bai kuma san kowa a garin ba.

"Baba, wannan itace yana da masoya," in ji shi. "Shekaranjiya ma wani ya zo ya tsaya nan daidai inda kake, ya ɗaga kai yana kallon reshen nan kamar ya ga ɗan'uwansa."

Ilu ya ce, "Wane iri?"

"Dogo, da tabon ƙuna a hannu. Ya tambaye ni gonar da ke nan, na ce ni dai gida na tarar, an ce Sajo ya saya. Sai ya yi salati, ya ce ashe babansa ya rasu. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ba sai an gaya masa ba, Ilu da ransa ba zai sayar da gonar ubansa ba."

Sandar Ilu ta faɗi, bai ɗauka ba. Tabon nan shi ya ɗaure shi da hannunsa, ranar da Muntaka yana ƙarami ya faɗa murhu.

"Bai shiga gari ya tambaya ba?"

"Ya ɗan zaga, ya ce duk baƙin ido ne. Ya dawo ya yi wa mamacin addu'a, ni ma na taya shi. Ya tsinci tsamiya biyu da suka faɗo waje ya sa a aljihu, ya bi ayarin gabas. Wai Makka za su, a ƙasa." Hamma ya dubi fuskar tsohon, ya saki akalar. "Baba, ka san shi ne?"

Ilu ya dafa katanga ya miƙe, ya ja buzunsa ya zagaya da shi ɗaya gefen gidan, inda rana ke duka ba ko ɗigon inuwa. Ya shimfiɗa, ya zauna yana fuskantar gabas.