Tsintsiya a Gaban Inji

Tun yana saurayi Bakanike yake gane yoyon fetur da hancinsa, sannan ya bi tiyo da tafin hannu har ya taɓo inda ya huje. Amma motar da 'yarsa ta sauya wa inji ba fetur take sha ba, iskar haidurojin ce, wadda ba ta da wari ko kaɗan.

Da rana tsaka suna cikin gwaji, injin ya yi tari ya mutu, sai wani siririn fito ya taso daga cikinsa. Bakanike ya shinshina, bai ji komai ba. Ya leƙa, bai ga komai ba.

"Yoyo ne, yanzu zan lalubo shi," in ji shi, ya naɗe hannun riga.

"Baba, kada ka motsa!"

Ransa ya ɓaci. Yau 'yar cikinsa ce take daka masa tsawa a garejinsa? Amma duk da haka, sai hannun ya tsaya cak.

Ta rarumo tsintsiya a bayan ƙofa, ta miƙa ta a hankali, daidai inda yatsunsa suka nufa. Nan take bakin tsintsiyar ya kama da wuta, yana ci bal-bal.

"Wutar wannan iskar ba ta ganuwa da rana," ta ce, ta ruga ta rufe tanki. Fiton ya ɗauke.

Ya dubi guntun tsintsiyar yana hayaƙi, ya dubi yatsunsa, ya cusa su a aljihu.

"Gobe ki sayo mana tsintsiya guda biyu," in ji shi.