Rijiyar Malkiya

Shekarar da sarkin Isra'ila ya sake ɗaura yaƙi da sarkin Yahuda, aka ɗauko Azrikam ɗan Gaddi daga gonar inabinsa. Ba a ga alamar jarumta a jikinsa ba, sai aka sa shi cikin masu bin bayan mayaƙa. In an ci gari, su sare itatuwan zaitun, su cike rijiyoyi da duwatsu.

Wata rana suka shiga wani ƙauyen Yahuda a kan iyakar kudu. Kowa ya tsere, sai wani tsoho makaho zaune bakin rijiya.

"Tashi, baba, aiki za mu yi," in ji Azrikam.

Tsohon ya karkata kai. "Wannan muryar ta gidan Gaddi ce. Ɗansa ne kai?"

Zabad, abokin aikin Azrikam, ya tuntsire da dariya. "Ashe kana da dangi cikin 'yan kudu! Durƙusa ka gaishe shi mana!"

"Ni ne Malkiya," in ji tsohon. "Shekarar fari ubanka ya koro tumakinsa nan, a ɗakina ya zauna har ruwa ya sauka. Tare muka haƙa wannan rijiya. Yana raye?"

"Yana raye, baba."

"Madalla. To, sha tukuna."

Ya laluba igiya, ya jawo guga da kansa. Azrikam ya kasa ƙi. Ya sha, kansa a sunkuye.

Sai shugabansu ya daka musu tsawa daga nesa. Azrikam ya kama hannun tsohon, ya kai shi inuwar ɓaure, ya dawo ya ɗauki dutse. Duk dutsen da ya jefa cikin rijiyar, sai ya ga tsohon ya ɗan zabura. Haka ya yi ta jefawa har ƙarar ruwa ta ɗauke, dutse ya koma faɗawa kan dutse.

Da suka koma gida, mata na guɗa, Gaddi ya ce ɗansa ya faɗa wa maƙwabta garuruwan da suka ci. Azrikam ya ambace su, ya tsallake ɗaya. Zabad ne ya fesa labarin a wurin matsar inabi, yana kwaikwayon muryar tsohon, mutane na dariya.

Gaddi yana wurin. Ya yage rigarsa, ya tafi gida ya zauna a toka kamar mai makoki. Azrikam ya biyo shi, ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa shiga.